Sa Hannu Babu Suna

Har yau in na ga 'yar takardar nan mai ruwan ɗorawa da ake mannawa a jikin kaya, sai raina ya ɓaci. A asibitin da nake aiki a unguwar Deira, nan Dubai, likitanmu ba ya rabo da irinta. Zai rubuta saƙo ya manna min a gefen kwamfuta, ni kuma in karanta da sauri in dunƙule in wurga a kwandon shara. Abokan aikina sun ɗauka da likitan nake. Ba da shi nake ba, bawan Allah. Da wata yarinya nake mai shuɗin gashi wadda ko sunanta ban sani ba, kuma in Allah ya sake haɗa mu a garin nan sai ta ji abin da ban samu na faɗa mata ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ina zaune a Al Muraqqabat, a wani fulat da muke haya mu mata zalla, ɗakinmu ɗaya da wata 'yar kasuwa 'yar Maraɗi. Maigidana yana Kano da yaranmu maza biyu. Babbar kuwa, 'yata ta fari, tun da aka yaye ta take wurin Hajiya, mahaifiyar maigidana, kuma sunan Hajiyar aka sa mata. To kun ga kunya biyu ke nan a kaina, ga ta 'yar fari, ga sunan suruka. Tun ranar da aka raɗa mata sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. In zan yi maganarta sai in ce "ta wajen Hajiya". In tana gabana sai in ce "ke". Ita kuma Anti take ce min, yadda ta taso ta ji ƙannen babanta suna faɗa.

Kuma kada wani ya zo min da wa'azin 'yan zamani. A gidan da na tashi haka ake yi. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, ko kusa da shi ba ta zama a gaban mutane, amma da ƙyanda ta kama shi ita ce ta yi kwana da kwanaki ba ta sa haƙarƙarinta a ƙasa ba. Babu wanda ya taɓa cewa ba ta son sa, shi ma bai taɓa tambaya ba. Sai a kaina ne za a fara bincike.

Abin ya samo asali ne a wani hutu da na je gida, ranar bikin yaye su daga sakandare. Wata malama ta tare ni da fara'a a bakin ɗakin taro ta ce, "Maman wa ce?" Ni kuma na juya na kalli ƙanwar maigidana, ta faɗi sunan a madadina. Abin da kowace uwa mai kunya za ta yi ke nan. Ashe yarinyar tana tsaye a bayana da rigar bikinta, ta ga komai. Daga ranar gaisuwarmu ta koma "Anti ina wuni, ya aiki, ga Hajiya." Da na dawo Dubai kuwa, sai na kira wayar Hajiya sannan a miƙa mata, wani lokacin ma ina jin ta tana raɗa cewa a ce tana banɗaki. Ni da na haife ta, ni ake wa ɓuya a banɗaki.

Ita dai zane take yi. Tun tana firamare bangon ɗakin Hajiya bai huta ba. Da ta girma sai ta faɗa wa wasu littattafan labari na hotuna da ake yi a Japan, waɗanda ake buɗewa ta dama kamar littafin ajami. Akwai wani dattijo mai zana irinsu da ta ɗauka tamkar malaminta, ko da yake shi bai san da zamanta a duniya ba.

Wata ranar ina shirin fita aiki sai ga saƙon murya daga lambarta. Daga ita kanta, ba ta hannun Hajiya ba. Ta ce za a yi wani babban taro a Dubai na masu littattafan hoto da finafinai, kuma dattijon nan zai zo ya zauna yana sa wa mutane hannu. Ta ce ta ba wa wata maƙociyarsu mai zuwa sarin kaya wani zane ta kawo min.

"Don Allah Anti ki kai masa ya sa hannu," ta ce. "Kuma ki ce ya rubuta sunana a sama, na bar wurin. Sunana na yanka." Har na ɗauka saƙon ya ƙare, sai ta ƙara da cewa, "In dai za ki iya."

In dai zan iya! Wallahi sai da na ajiye wayar a kan gado na zagaya ɗaki. Ni yarinyar nan za ta jarraba? Ni da nake tsaye tun safe har yamma a kan ciwon mutanen da ko gaisuwa ba su iya ba? Amma duk da zafin da nake ji na san abu ɗaya. Tun da take, wannan ne abu na farko da ta taɓa roƙo na da bakinta. In na dawo mata da shi yadda ta ce, wataƙila mu koma magana. In kuwa ban yi ba, to ta samu hujjar da take nema, kuma ba za ta sake roƙo na komai ba har abada.

Zanen ya iso a tsakanin kwali biyu, an naɗe da leda. Wata jarumar littattafan dattijon ce ta zana, amma ta ɗaura mata atamfa, ta sa mata lalle har gwiwar hannu, ta tsayar da ita a kan rufin adaidaita sahu da takobi a hannu. A sama ta bar fili fari tas. A ƙasa, inda mai zane ke sa sunansa, wata 'yar alama kawai ta yi kamar ƙugiya. Gaskiya zanen ya yi kyau, har na ji haushin yadda ya yi kyau ban taɓa sani ba. 'Yar Maraɗi ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Wagga ai wushiryarki ce aka yi mata." Na ce ita ma mai zanen tana da wushirya, ta rabu da ni.

Na roƙe ta ta raka ni. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Bon, ni da girmana in tai inda manya ke sa kayan aljannu? Ina da kwantena da za a loda. Ki gaida min su." Na tambayi wata abokiyar aikina, ta ce tana da diyuti. Haka na shirya ni kaɗai ranar Asabar. Tun da wurin dattijo za ni, na sa atamfata mafi kyau, na yi ɗaurin kallabi na mutunci, na yafa mayafi, na rungume kwalin a ƙirji na shiga jirgin metro a tashar Al Rigga.

Tun daga bakin ƙofa suka fara ɓata min rai. Tikitin shiga daban, tikitin sa hannu daban, in kana son ɗaukar hoto da mutum wannan ma daban. Numfashi ne kawai ba su sa wa tikiti ba. Na saya dai na shiga, sai na ga ikon Allah. Ɗaki ne da ba ka hango ƙarshensa, kiɗa na tashi ta ko'ina, ga ƙarti majiya ƙarfi da gemunsu sun sa fukafukai, wasu da ƙaho, wasu sun shafe jiki da shuɗin fenti. Wata mata ta wuce ni tana jan jela. Na yi a'uziyya na matse kwalina.

Ban yi nisa ba wani saurayi da takobin roba ya sha gabana yana washe baki, wai don Allah zai ɗauki hoto da ni. Wai shigata ta yi kyau ƙwarai, wace jaruma ce na kwaikwaya? Atamfata! Atamfar da na je bikin yaye 'yata da ita! Na dube shi sama da ƙasa na ce masa da Hausa, "Uwarka na kwaikwaya." Ya ce ya gode, bai taɓa kallon wannan ba amma zai nema.

Can ƙarshen ɗakin aka jera teburan manyan baƙin, kowanne da hotonsa a sama da layinsa a cikin igiyoyi. Akwai 'yan fim, akwai masu yi wa zane murya, mutane na bin su tebur-tebur da jakunkuna cike da hotuna suna tara sa hannu. Ni mutum ɗaya na zo nema. Na gane shi da hoton da yarinyar ta turo, ɗan tsamurmurin tsoho mai farin gashi da tabarau. Na samu wuri mai kyau a layinsa, don da wuri na zo. Na ce alhamdulillahi, yanzu zan gama in bar musu haukarsu.

Ina! Layi ya ƙi tafiya. Ana cikin haka aka ɗaga tsohon wai zai je ya huta ya ci abinci, mu kuma aka bar mu a tsaye. Azahar ta yi, ta fara nisa, ga la'asar na ƙaratowa. Ni kuwa ba zan haɗa salla a kan sa hannun wani ba. Sai na yi abin da duk ɗan Najeriya zai yi a layin banki ko na gidan mai. Mutumin da ke gabana ya kifa wani ƙaton kan kyanwa kore na soso, ya yafa jan mayafi. Na taɓa shi na ce, "Malam, ina bayanka, zan je in yi salla in dawo." Ya ɗaga min babban yatsa. A wurinmu magana ta ƙare ke nan, ko kasuwa ka tafi wurinka na nan.

Ɗakin sallar yana can wani lungu, sai da na yi ta tambaya. Na yi alwala a gurguje, kwalin yana jingine inda idona ke kansa, na yi sallata na dawo da sauri. Ina zuwa na tarar tsohon ya dawo, layi na tafiya, kuma kan kyanwa kore ya cika wurin. Ashe ƙungiya ce guda, sauran sun iso bayan tafiyata. Duk kai iri ɗaya, duk jan mayafi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa, "Kai ne na ce ina bayanka?" Kowanne sai ya karkata kai ya buɗe hannuwa. Munafukin da ya ɗaga min yatsa yana cikinsu, yana jina, ya yi lamo a cikin sosonsa.

Nan ne mai shuɗin gashi ta shigo rayuwata. Ma'aikaciyar taron ce, yarinya ƙarama da ba ta fi tawa da yawa ba, da kati rataye a wuya da cingam a baki. Ta ce duk wanda ya fita daga igiya ya bar wurinsa. Na ce salla na je. Ta ce ta fahimta, habibti, amma doka ce. Na ce a garin Musulmi za a hukunta ni don na yi salla? Ta ce ba hukunci ba ne, habibti, doka ce, ta nuna min ƙarshen layi da biro. In ta ƙara ce min habibti a lokacin, wai masoyiyarta da Larabci, ban san abin da zai faru ba. Na haɗiye na koma can baya, bayan wani mai fukafukai da ke ta gogar min fuska da su duk juyin da ya yi.

Wannan komawa bayan ita ta jawo komai. Kafin layi ya kawo kanmu lokacin tsohon ya kusa ƙarewa, ma'aikatan sun fara kora mutane kamar awaki. Yalla, yalla, abu ɗaya kowa, ba hira, ba hoto. Sai na ga mai shuɗin gashi tana bin layi da 'yan takardun nan masu ruwan ɗorawa. Tana tambayar kowa sunan da yake so a rubuta, ta rubuta da kanta da manyan baƙaƙe, ta manna a jikin abinsa, don tsohon ya kwafa kawai.

Ni fa ban zo da fargabar komai ba. Rubutu ai ba faɗa ba ne, na sha rubuta sunan a takardun makaranta. Na ɗauka za a miƙo min biro in rubuta in miƙa, kamar a ko'ina. Da ta iso kaina ta ce, "Suna?" sai na miƙa hannu in karɓi biron. Ta janye.

"Faɗa kawai, ni zan rubuta."

"Ba ni in rubuta, ya fi sauƙi."

"Ba lokaci. Suna?"

Na laluba jaka na ciro waya in nuna mata. Ko a wayar ma "Ta Hajiya" na ajiye lambar, amma na ce bari in buga mata sunan ta gani. Kafin in buɗe, wani ƙaton mai gadi da ke bakin igiya ya daka min tsawa wai ba a fito da waya a nan, don kada a saci hoton baƙo ba a biya ba. Na ce ba hoto zan ɗauka ba. Ya ce a mayar da waya jaka ko a fita daga layi. Na mayar. Na juyo, yarinyar na kallona tana tauna cingam, biro a sama.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan yana nan a kan harshena, ina jin nauyinsa, amma sai fuskar Hajiya ta faɗo min, da ta mahaifiyata, na ji kamar an ce in tuɓe mayafi a tsakiyar kasuwa. Wanda bai tashi a haka ba ba zai gane ba, kuma na gaji da yi wa mutane bayani. Shirun da na yi bai fi na haɗiyar yawu ba.

"Ba suna? To shi ke nan," ta ce. Ta ja layi a takardar, ta manna a kan kwalina, ta wuce na bayana.

Kafin in ce wani abu an turo ni gaban tebur. Na zare zanen na ajiye, na ɗan rusuna na gaida tsohon, don ba a miƙa wa babba abu a tsaye ƙiƙam. Shi ma ya sunkuyar da kai. Ya ɗauki alƙalaminsa zai yi abin da ya yi wa kowa, sai ya tsaya. Ya gyara tabarau, ya matso da zanen kusa da fuskarsa, ya bi lallen da yatsa ba tare da ya taɓa takardar ba. Ya yi murmushi, ya yi magana da matar da ke gefensa mai yi masa tafinta.

"Ya ce wa ya zana?"

"'Yata," na ce. Ko wannan ma sai da na ji wani iri, don ban saba cewa tawa ce a gaban mutane ba.

Ya sa hannunsa a ƙasa, kusa da 'yar ƙugiyarta. Ya kalli takarda mai ruwan ɗorawa ya ga layi kawai, ya kalli filin da aka bari a sama, sannan ya ɗago ya kalle ni. Tsohon nan ya gane. Ya sake magana.

"Ya ce yaya sunanta?"

Ga dama ta biyu Allah ya kawo, kuma a gaban sa'an mahaifina. Na ja numfashi. Na rantse da Allah da an bar ni na sauke numfashin nan da na faɗa, don na riga na yanke shawara. Sai na ji hannu a gwiwar hannuna. Mai shuɗin gashi ce. "Khalas, madam, an gama, na gaba." Wani ma'aikacin ya zare zanen daga gaban tsohon ya tura ƙarshen tebur, mai fukafukan da ya koma bayana garin rigimar waya ya riga ya ajiye littafinsa, tafinta ta juya gare shi. Tsohon ya bi ni da ido, alƙalami a hannu, har aka fitar da ni ta ɗaya gefen igiyar.

Na tsaya na kalli zanen. Ga sa hannu a ƙasa, ga sama fari tas yadda ta aiko shi. Abin da zan aika Kano ke nan. Za ta buɗe kwali ta gani, ba za ta yi kuka ba, na san ta, cewa za ta yi "Na gode Anti" ta miƙa wa Hajiya waya.

Zuciya ta zo min wuya. Na juya zan koma, mai gadi ya tare. Na ce kalma ɗaya za a ƙara min. Ya ce hanya ɗaya ce, in ina so in sayi wani tikitin in bi layi. Na ce a sayar min. Mai shuɗin gashi ta ce tikiti ya ƙare, kuma baƙon yau zai tashi. Na ce ke ce kika hana ni biro, ke ce kika ja ni tsohon yana min magana. Ta ce ta tambaye ni suna ban faɗa ba, wace irin uwa ce ba ta san sunan 'yarta ba? Ta faɗa tana dariya, wai wasa take.

Ban san lokacin da na daina ganin ta ba. Ta bayan kafaɗar mai gadin na hango an ɗaga tsohon, ana rufe alƙalumansa, ana nufar wani baƙin labule da shi. Na ɗaga zanen sama da hannu biyu na ƙwala sunan. Sunan yanka, cikakke, sunan Hajiya, da muryar da nake kiran yarana maza in sun yi nisa a layinmu. Na sake ƙwalawa. Ban san sau nawa na kira ba. Sunan da na riƙe tun yarinyar tana cikin zanen goyo, na zubar da shi a gaban masu ƙaho da masu jela.

Kiɗan dandalin da ke kusa ya fi ƙarfina. Tsohon bai juyo ba, labule ya rufe. Wasu 'yan kan kyanwa kuwa suka hau tafa min, sun ɗauka wasa nake yi irin nasu. Mai gadi ya matso ya ce a hankali, madam, ko in yi shiru ko ya kira na sama da shi. Nan hankalina ya dawo. A garin nan ɗaga murya a bainar jama'a yana iya cinye wa mutum biza da aikinsa gaba ɗaya. Na mayar da zanen cikin kwali, ya raka ni har ƙofar fita.

A cikin metro, a ɓangaren mata, ban zauna ba ko da wuri ya samu. Ina tsaye ina ta tsara maganganun da ya kamata in faɗa wa yarinyar nan mai cingam. Da na sauka a Al Rigga rana ta yi sanyi, ban iya shiga gida ba, don na san 'yar Maraɗi za ta tare ni da tambaya. Na zauna a wani benci a bakin titi. Na ce gara in faɗa wa mai zanen da kaina tun kafin kwali ya isa, kuma ta san ba zama na yi ba. Na danna saƙon murya na fara, kuma da faɗa na fara.

Na ce ke, kin aike ni cikin mahaukata. Na ba ta labarin mai takobin roba, da kan kyanwa, da biro, da mai gadi. Na ce tsohonki ya ga zanenki, ya tsaya a kansa yadda bai tsaya a kan na kowa ba, ya sa hannu, amma bai rubuta sunan ba, kuma kada ki kuskura ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na ce ni da girmana na tsaya a tsakiyar mutane ina ihu, ina kiran wance, wance, har mai gadi ya fitar da ni. Sai dai ba "wance" na ce ba. Bakin da ya riga ya buɗe a can bai gama rufuwa ba. Na saki yatsa saƙo ya tafi, sannan na ji abin da na faɗa.

Na yi wuf zan goge, na ga alamar ta riga ta saurara. Na zauna da waya a hannu, kunya ta rufe ni. In ta kunna a gaban Hajiya fa?

Wayar ta yi ƙara. Ita ce. Tun da na zo ƙasar nan ba ta taɓa kira na da kanta ba. Na ɗauka.

"Anti," ta ce, muryarta a toshe kamar mai mura. "Na ji saƙon. Amma wurin nan da kika ce kin yi ihu, ƙarar motoci ta hana ni ji. Me kika ce kin kira?"

Ƙarya take yi. Babu motar da ta wuce a lokacin, ni na san abin da na aika. Na ce, "Ke, ba ki da kunya ko? Zanen naki fa babu sunan, kin ji abin da na ce?"

"Na ji. A bar shi haka. Ni dai wurin nan ne ban ji ba."

Na ce za ta ci gidansu. Na ce ta bari in zo hutu ta ga yadda ake yi da marasa ta-ido. Ba ta kashe ba, ina jin numfashinta. Na duba dama na duba hagu, don unguwar nan ba ta rabo da Hausawa 'yan sari, kuma ba na so wani ya kai labari gida. Wasu mutum biyu masu manyan riguna suna tahowa da ledoji, na jira suka wuce. Sannan na kare bakina da gefen mayafi, na kira ta.

"Na'am," ta ce.